Gwiwar Ɗan Adar

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na zama masanin kokowa ba, ko da tsufa ya sa na mance sunan unguwarmu. Masani fa nake faɗa muku, wanda bai taɓa tsayawa a fili ya kalli karo ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Ni tun ina lakwal, wato makarantar boko, in aka ce yara su kama juna, ni ne mai riƙe wa mutane riguna.

Aikina a ƙaramar tashar rediyonmu ta Keita karanta komunike ne: rasuwa, ɗaurin aure, taron ƙungiyar manoma, wane ya tafi cin rani ana cigiyarsa. Muryata dai babu laifi (wannan ba yabon kai ba ne, mata da yawa sun faɗa, ciki har da innata). Shirin wasanni kuwa na Hamidu ne, mutumin da ya san kowane ɗan kokowa na Adar har da sunan makaɗinsa.

To, bayan kaka aka shirya kokowar sada zumunci a Madawa tsakanin ƴan wasanmu da baƙi daga ƙetaren iyaka, wajen Sakkwato. Sunanta sada zumunci, amma kowa ya san in Nijar da Najeriya suka haɗu a fili, zumuncin a bakin ƙofa yake jira. Hamidu ya hau mota ya tafi can. Aka ce ni in zauna gaban mikoro, in ya kira ta tarho a sa shi kai tsaye, in layi ya yanke in riƙe masu saurare da hira. Abin da na sani game da wasan bai wuce biyu ba: wani yaronmu na wajen Garhanga ya kai karon ƙarshe, kuma alƙalin wasan Baba Nomau ne na Tamaske, tsohon ɗan kokowa, abokin mahaifina tun suna samari. Da ina da hankali da na yi wa Hamidu tambaya ɗaya tak kafin ya tafi. Ban yi ba, ina can ina gyara murya.

Bayan la'asar tarho ya yi ƙara. Zara'u, wadda ke kula da na'urori a bayan gilashi, ta sa shi a iska. Rezo kuwa, wato layin tarho, ranar kamar ana yi masa rowa, magana na zuwa guntu-guntu cikin ihun jama'a da ganguna.

"Jama'a, fili ya rikice!" in ji Hamidu. "Ɗan Adar ya kai gwiwa guda ƙasa... ta biyun ce aka gardama... wasu sun ce ba ta taɓa ba... arbitir Nomau ya ɗaga hannun Ɗan Sakkwato..."

Ƙit. Layi ya yanke.

Ga wanda bai sani ba, a ƙa'idar da aka yi wasan da ita, sai gwiwoyin mutum biyu sun taɓa ƙasa ake cewa an kada shi. Wannan kam na sani. Sauran kuma na haɗa da kaina: Ɗan Adar, ai namu ke nan, mu ne Adarawa. Ɗan Sakkwato, ai sunansa ma ya faɗi daga inda ya fito. An zo har gida an yi mana fashi da rana tsaka. Wallahi sai na ji jinina ya hau, na ji kamar ƙasar nan duka a kan kafaɗata take, ni kaɗai na rage in kare ta.

Na gyara zama. Na ce, "Masu saurare, yau an yi abin kunya a Madawa." Na ce duk mai ido ya ga gwiwar Ɗan Adar ta biyu ba ta taɓa ƙasa ba, tsakaninta da ƙasa sai a zura tafin hannu (tafin hannun nan, Allah ne shaidata, a cikin ɗakin rediyo na ƙirƙiro shi). Na yi bayanin ƙa'ida dalla-dalla kamar ni na rubuta ta. Na ce ba yau farau ba, kullum haka suke yi mana. Su wa? Oho. Yaushe? Ban sani ba, amma da daɗin faɗa.

Zara'u ta miƙe tsaye tana kaɗa mini hannu biyu ta gilashi. Na ɗauka jinjina take yi. Na gyaɗa mata kai irin na manya, na ƙara wuta. Ta kama kanta da hannu biyu. Na ce a raina, kai, yau har Zara'u na sa ta kuka don kishin ƙasa.

A nan ne bakina ya zarce inda ba a dawowa. Na ce, "Ni ban ce komai ba, amma jama'a ku tambayi kanku, ko naira ta shiga aljihun wani a Madawa yau?" Ban ambaci suna ba, amma alƙali ɗaya ne a fili, kuma Hamidu ya riga ya faɗi sunansa. Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro. Ko ɗar ban ji ba a lokacin, har wani daɗi na ji, wai ni ɗan jarida marar son kai wanda bai bar ko abokin ubansa ba.

Sai na ce a buɗe layi, jama'a su faɗi ɓacin ransu. Zara'u ta dube ni irin duban da ake yi wa ragon layya, ta danna. Muryar wata tsohuwa ta shigo, a hankali, babu ko hanzari.

"Salamu alaikum. Kai ne yaron ga mai komunike?"

"Ni ne, Inna. Daga ina?"

"Daga Garhanga. Yaro, mi munka yi maka?"

"Inna, ai mu aka yi wa. An zalunci Ɗan Adar."

"To ni uwar Ɗan Sakkwato ce. Mamman ɗana ne, nan cikin ɗakin ga na haihe shi. Dako yat tahi yi Sakkwato shekaru, da yad dawo anka laƙa mai sunan. Shi wancan da kaka ma kuka, baƙo ne, kakanninai ne sunka tashi daga nan tun da daɗewa, shi ya sa can suka ce mai Ɗan Adar. Ɗana yac ci, mata na guɗa ƙofar gida, kai kana cikin akwati kana zagin wanda yaɗ ɗaga mai hannu. Ko kai ma daga can kake?"

Kun san shirun da ake yi in liman ya yi tuntuɓen aya, sahu duka aka rasa mai gyara masa? Irinsa na yi, sai dai ni Keita da Buza da rabin Madawa ne a bayana. Na dubi Zara'u neman agaji, na tarar ta sunkuya ƙarƙashin tebur, kafaɗunta kawai nake gani suna rawa.

Da na yi shiru daga nan, da abin ya tsaya a kuskuren suna, a yi dariya mako ɗaya a wuce. Amma wanda Allah ya nufa da kunya ba ya tsayawa rabin hanya. Na yi gyaran murya na ce:

"Masu saurare, bayan mun sake nazarin al'amarin da kyau, ya tabbata cewa gwiwar Ɗan Adar ta biyu ta taɓa ƙasa. Ta taɓa sosai. Hukuncin arbitir Nomau daidai ne, dattijo ne da aka sani da gaskiya."

Tsohuwar ashe ba ta kashe tarho ba.

"Ikon Allah," ta ce. "Yanzu-yanzu gwiwar tas sauka?"

Zara'u ta lalubo wani maɓalli daga inda take, ta sako kiɗa.

Na ɗauka iyakar abin ke nan. Ina! Bayan kwana biyu ɗan kawuna da ke sayar da shayi a Sakkwato ya kira ni yana ta murna. "Ɗan'uwa, ka zama gwarzo! Ko'ina muryarka aka ji!" Ashe wani ya naɗi maganata ya tura a waya, wata tasha ta can ta samu. Suka yanke tsohuwa, suka yanke nazarina na biyu, suka bar tafin hannu da naira. Mai shirin nasu yana cewa, "Ku ji, ko ƴan Nijar ɗin da kansu sun amsa an yi maguɗi. Ga wani ɗan jarida mai tsoron Allah." Ni ke nan. Ba a taɓa yabona haka ba a rayuwata, kuma ban taɓa jin yabo ya yi mini ɗaci haka ba. (Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da zai sa naira ta sayi nasara ga ɗan Nijar. Magana in ta yi wa mutum daɗi ba ya duba ƙafafunta.)

Tashoshinmu na wannan ɓangare kuma suka tashi ramuwa: hukunci tsaf, baƙi ba su iya faɗuwa ba ne. Hoton bidiyo ɗaya ne ke yawo a wayoyi, wanda wani ya ɗauka daga bayan rawanin wani, daidai lokacin da gwiwar ke sauka kuma wani makaɗi ya gitta. Na ga mutane a tashar mota sun haɗa kai a kan waya ɗaya, direban da ya zo daga can yana rantsuwa ba ta taɓa ba, namu suna rantsuwa har rami ta yi. Ban iya yi musu dariya ba, don ni na riga su duka, kuma ni na yi rantsuwar ta kowane gefe.

Wanda ya biya kuɗin wannan shirme ba ni ba ne. Ni an yi mini faɗa a ofis, abokai suka yi ta kirana Ɗan Sakkwato na biyu, shi ke nan. Baba Nomau kuwa, a kasuwar Tamaske yara suka fara bin sa da "Nomau Naira". Manya ba su faɗa, amma sai a yi shiru in ya iso rumfa. Masu shirya wasa suka ce ya ɗan huta har ƙura ta lafa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana raba ƙarti a fili ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Mahaifina bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ka san hanyar Tamaske." Na ari moto, wato babur, na tafi.

Na same shi a garkarsa yana ba albasa ruwa. Na durƙusa tun daga nesa, gwiwa biyu a ƙasa, babu mai gardama a kan wannan. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi mahaifina da innata da gajiyar hanya, bai rage ko ɗaya ba. Wannan gaisuwar ta fi mini mari zafi. Na fara haɗa kalmomin da na shirya a hanya, suka watse, sai kawai na ce, "Baba, na yi maka laifi. Ka yafe mini."

Ya ajiye bokiti ya zauna a bakin kwami.

"Ɗana, tambaya guda za ni yi ma. Ranan, ka ga gwiwar?"

"A'a, Baba. Ina Keita."

"To ni ina wurin. Kusa ƙwarai, har ina jin numfashinsu. Na ga kamar ta taɓa, na busa, na ɗaga hannu, don dole a ɗaga na wani. Amma tun ranan, in na kwanta sai in ga gwiwar ga tana sauka, in ce ta kai, in ce ba ta kai ba. Har yau ban tabbata ba. In na zalunci yaron mutane, Allah shi gahwarta mini." Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, har da ɗan murmushi. "Kai kuwa da ba ka gani ba, ka tabbata har sau biyu."

Na so ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba, ƙasar Tamaske tauri gare ta.

Ya ce ya yafe, har ya ɗaura mini albasa a bayan moto in kai wa innata. Na koma na nemi izini, na ba da haƙuri a iska da sunana da sunansa, na maimaita kwanaki a jere, na ce ƙarya na yi, ban ga komai ba, ba wanda ya ba kowa komai. Wannan karon ba wanda ya naɗa, ba tashar da ta ɗauka. Gyara ba ya da kasuwa.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka ji an zalunci naka, fara tambayar wane ne nakan. In an faɗa maka, sai ka tambayi kanka ko za ka yi wannan ihun da na wasu ne. Ni an riga an ji amsata, tana nan a wayoyin mutane a ƙasashe biyu. Da kaka ta zagayo, masu shirya wasa suka aika wa Baba Nomau ya dawo fili. Ya ce a gode musu, idonsa ya tsufa. Idonsa lafiya lau yake, na ga yadda yake tsinto tsutsa a ganyen albasa.