Garken Sojan Ruwa

Ran Asabar da hantsi Salihu yana ɗaure tamfol a kan kamiyonsa, babbar motar kaya, a tashar Gar ta Paraku, sai Lubabatu, matar Abdulrashid, ta kira shi daga Jugu. Ko gaisuwa ba ta yi ba. Ta ce, "Maigidan ya cika ɗazu." Salihu ya yi salati, ya saki igiyar, ya hau gaban mota ya zauna. Kujerar gefensa, wadda ya wanke tun da safe, ba ta gama bushewa ba.

Mamacin, Abdulrashid, ɗan kawunsa ne, taubashinsa tun suna yara. Dillalin shanu ne, ciwon suga ya ɗauke masa gani shekara uku da suka wuce, amma ko a haka yana gane saniya da kukanta. Bai taɓa zuwa teku ba. Shi ya sa duk ran da Salihu ya shiga layin lodi a tashar jiragen ruwa ta Kotonu, yakan kira shi ya ɗaga salula sama, don ya ji jiragen soja da ke ɗaure can gefe. Sun yi alkawari: in ya canki ƙara uku a jere, Salihu zai kai shi bakin ruwa a gaban mota. Kullum a ta uku Salihu yake yi masa ƙarya, don yana tsoron hanya ta kayar da shi.

Ran Laraba suka yi waya ta ƙarshe.

"...da sauƙi, bawana," in ji Abdulrashid. "Ka isa wurin kiwon?"

"Wa ke bawan wa? Ni da nake aiko maka iskar teku kyauta."

"Mai warin kifi da hammatarka? Ɗaga wayar, muryarka ta ishe ni."

Wani jirgi ya ja kuka guda ɗaya, dogo.

"Bijimin nan ne mai mura. An kwance shi daga turke, zai fita kiwo."

"Sa'a ce kawai."

Jim kaɗan aka ji wani abu ya yi dum, tsuntsaye suka watse.

"To, malamin kunne, wannan fa?"

"Igwar gaisuwa ce, wani babbansu ya iso. Ba komai a cikinta sai ƙara. Ku biyu uwa ɗaya ta yaye ku."

"Uwata dai gwaggonka ce, ka yi a hankali."

Abdulrashid ya yi tari mai tsawo. Da ya dawo, muryarsa ta yi ƙasa kamar mai magana cikin gyangyaɗi.

"Ka san yadda nake ganin wurin nan? Fadama ce shuɗiya, ba ƙaya, ba gonar wani da za a ce sun yi ɓarna. Suna tafe a hankali, ba mai sanda a bayansu. La'asar ta yi, su juyo gida da kansu."

"Ruwan toka ne, tsoho. Da ledoji a kai."

"Kai dai an yi asarar idanu a fuskarka."

Sai ƙara ta uku ta zo, gajeru uku a jere.

"Ƙaramar karsanar ce. Baya take ja, kamar kai ran da ka je zance wurin Memuna ka tarar da babanta a zaure."

Salihu ya duba. Ƙaramin jirgin sintiri ne, yana ja da baya, ruwa na kumfa a gindinsa. Ƙaryar da ya saba tana bakinsa: odar tirela ce. Amma yana jin yadda numfashi ke fita da ƙyar a cikin wayar.

Ya ce, "Ka ci."

"Me ka ce? Kunnen nan ya fara toshewa."

"Na ce ka ci, tsohon banza. Ran Asabar zan zo Jugu in ɗauke ka."

Abdulrashid ya yi dariya har tari ya sake kama shi.

"To ka wanke kujerar. Kuma gefen taga nake so, in ga hanya."

"Da wane idon?"

"Da naka mana, bawana. Kai dai ka tuƙa a hankali, ka riƙa faɗa mini."