Tsintsiyar Misye Bakan-Gizo

Duk faɗin tsibirin Moris ba a taɓa haihuwar mai son zumunci kamar Misye Gaetan Perrine ba. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma wa zai fi shi sanin kansa? 'Yan unguwa suka laƙaba masa Bakan-Gizo, don kowane biki da launin rigarsa. Ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta masa a ƙyaure.

Bawan Allah bai san nuna bambanci ba, musamman in an sauke tukunya. Ranar Diwali zai kunna fitila guda a gidan Hindu, ya share farantin alawa. Ranar sallah ya kafa hula, ya hau rungumar mutane tun ba a sauko daga idi ba, hancinsa na bin ƙamshin biriyani. A Kirsimeti ne kawai, da yake bikin addininsa ne, yake hutar da rigunan, ciki kuwa ba hutu.

Abu ɗaya ke ci masa rai: kujerar shugaban bukukuwan unguwa, mai lasifika da jan kyalle a kafaɗa. Dattawa huɗu ke naɗawa, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba ko a kan wurin kafa famfo. Liman da fadan coci da malamin Hindu duk ya ci abincinsu, don haka a ganinsa sun zama nasa. Saura ta huɗunsu, Madam Ah-Koon, tsohuwar Basiniya mai kantin kan kwana.

Safiyar sabuwar shekarar Sinawa, ƙofar kantin ta yi jajir da takardun wasan wuta. Kowa a unguwar ya san ba a taɓa su. Arzikin shekara ne kwance a ƙofa, ranar ma tsintsiya ɓoye ta ake yi.

Sai ga gogan naka cikin jar riga, da sabuwar tsintsiya, da mai ɗaukar hoto.

"'Yan uwana na kowane launi!" in ji shi. "Ni da na san al'adar kowa kamar yunwar cikina, in ga ƙofar kakarmu cikin shara in yi shiru? Haram!"

Ya duƙa ya yi ta shara, fes, har cikin kwata. Madam Ah-Koon ta fito riƙe da wainar shinkafar da ta ajiye masa, ta kwarma ihu.

"Wayyo ni! Gaetan, me na tare maka?"

"Haba Popo, kakata, ai babu godiya tsakaninmu. Matso a ɗauke mu tare."

Liman ya fito ba takalmi, fada ya fizge tsintsiyar, malamin Hindu ya durƙusa bakin kwata yana tsamo takardu. Maƙwabta suka yi caa, kowa na kwasowa da hannu yana mayarwa ƙofar kanti.

"Ɗauki, ɗauki!" Bakan-Gizo ya zunguri mai hoto. "Ka ga yadda jama'a ke koyi da ni?"

Da yamma dattawa suka zauna. Ko shayinsu bai huce ba, bakinsu ya zo ɗaya. Haɗin kan da ya daɗe yana wa'azi ya samu, kuma babu mai musun shi ya kawo shi.

Liman ya shaida masa an ba shi muƙami na har abada. Gogan ya gyara kafaɗa, yana jiran jan kyalle. Fada ya miƙo masa tsintsiyarsa: Sarkin Shara, kashegarin kowane biki.

"Banda ƙofata," in ji Madam Ah-Koon.