Tumbin Baba Audu

Ba zan taɓa mantawa da liyafar auren 'yar Baba Audu ba, ko da tsufa ya sa na manta sunana. Ni ne mai riƙe makirfo a duk bikin layinmu a Makera (ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina), kuma har gobe ban ga wanda ya fi ni ba.

Baba Audu shugabana ne lokacin da nake aiki a wata masana'anta a Kudenda. Siririn mutum ne kamar tsinke. Mun daɗe ba mu haɗu ba, sai ga shi ya shigo rumfa a hankali, ciki ya turo babbar riga gaba. Mu kuwa a wajenmu tumbi alamar hutu ce. Nan take na ɗaga murya:

"Jama'a, ku dubi yadda ritaya ta karɓi Baba! Baba, yaushe ne suna?"

Har da zuwa na bubbuga cikin kamar ganga.

Amarya ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai a lokacin na lura da hannuwansa duk sun rame, idanu sun yi rawaya, ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bai yi fushi ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ya zaunar da ni kusa da shi, ya ce ƙwayar cutar hanta ce ta yi shekara da shekaru tana cinsa bai sani ba. Hantar ta ji ciwo ta warke da tabo, ta sake ji ta sake tabo, har tabon ya cinye lafiyayyen naman, ta taurare, jini ya kasa ratsa ta yadda ya kamata, ruwa ya fara taruwa a ciki. Rigar ma da gangan ya sa aka ɗinka ta burmemiya, don ranar ta zama ta 'yarsa, kada baƙi su koma kallon ciwonsa. Ni kuma na shelanta shi a lasifika.

"Ruwa ne, ɗan nan, ba hutu ba," in ji shi. "Ka je a duba jininka, cutar ba ta sallama."

Na je. Likita ya ce nawa tumbin tuwo ne zalla, ya yi mini rigakafi. Makirfo dai ban ajiye ba, amma yanzu yabona daga hula yake farawa, a wuya yake tsayawa.