Jere a Gidan da Ba Namu Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren Rukayya ba, ko na so in manta ma dangi ba za su bar ni ba. Rukayya 'yar yayana ce, ni ce gwaggonta, kuma ni aka ɗora wa jagorancin matan da za su je su jera mata ɗaki a sabuwar unguwar masu hali da ke bayan garin Talata Mafara. Ba don na fi kowa shekaru ba, don dai na fi kowa baki. Ina koyarwa a firamare a Bakura, saboda haka a wurin mutanenmu na Dakko ni 'yar birni ce (ni ma na yarda da hakan, har da ƙari).

Wanda bai san unguwar nan ba, bari in ba shi labarinta. Da can gonakin gero ne da dawa, muna wucewa ta gefensu in za mu ci kasuwa. Sai aka yanka filaye, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata suka saye, wasu daga Maradun, wasu har daga Janbako. Kafin ka ankara gidaje sun tsiro. Katanga doguwa, waya a samanta, tankin ruwa, farantan sola, sai ƙaton get baƙi. Babu zaure, babu dakali, babu mai tuyar ƙosai a bakin layi balle ka tambaye ta gidan wane. Maƙwabci sai ya shekara bai san fuskar maƙwabcinsa ba, sai dai ya san ƙarar motarsa.

Da safe, muna loda kaya, uwar amarya ta ja ni gefe, idonta ya ciko. "Malama, dangin yaron nan masu hali ne. Don Allah kada a ce mu 'yan ƙauye ne. A gama komai kafin la'asar, su zo ganin ɗaki su iske shi tsaf, kada a raina mini ɗiya."

Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta. Ai na taɓa zuwa gidan sau ɗaya tun kafin azumi, na kuma riƙe alama irin wadda muke riƙewa a gida: shi ne na ƙarshe a layin, daga shi sai gonar gero. Ango ya aiko cewa za a bar gidan a buɗe, in mun shigo gari mu kira a zo a tare mu. Na ce wa? Ni za a tara a Mafara? Na jefa wayar can ƙasan jaka, na hau gaban motar kaya ina nuna wa direba hanya da ɗan yatsa.

Muka shiga layin, muka miƙe har ƙarshe. Ga baƙin get a buɗe, ga gonar gero a gefensa. Inna Tumba, ƙanwar mahaifiyarmu, wadda ba ta raga wa kowa, ta leƙo daga motar baya ta ce, "Malama, kin tabbata wanga ne gidan? Ni duk iri ɗaya nika ganinsu."

"Haba Inna! Ni da wagga unguwa?"

Masu haɗa sola ne kawai a saman rufi. Suka gan mu da katifa da kwalaye, suka ɗaga mana hannu, suka ci gaba da aikinsu. Muka rangaɗa guɗa muka shiga.

Aiki kam mun yi shi, ba yabon kai ba. Kafintan da muka zo da shi ya haɗa gado da durowa, muka jera kwanuka da tukwane a kicin, muka shimfiɗa darduma, muka turara ko'ina da turaren wuta. Ni da kaina na hau kujera na kafa ƙusoshin labule a bangon da fentinsa bai daɗe da bushewa ba. Muka baje a falo muka ci shinkafa da wake. Wata ƙanwata har wanka ta shiga ta yi, ta fito tana yabon ruwan famfon, Inna Tumba kuma ta miƙe a kan sabuwar katifa wai tana gwada ta. Gidan ya ɗan yi mini girma fiye da yadda na san shi, amma na ce a raina arziki ne ya ƙaru.

Bayan azahar sai ga sallama. Wata dattijuwa ce, fara, da gilashi da jaka a kafaɗa. Ta tsaya a ƙofar falo tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Na ce to, dangin ango sun fara isowa, yanzu za a ga wayewa. Na gyara ɗauri na tare ta.

"Maraba, maraba da Hajiya! Ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya hidimar biki?"

Ta amsa gaisuwar nan tsaf, ba ta tsallake ko ɗaya ba, sai dai a kan ta biki ta ɗan yi jim. Ban ba ta damar magana ba. Na kama hannunta na shiga zagayawa da ita (ku tuna, a gidanta). Na nuna mata kicin, na nuna mata ɗakin barci, har na buɗe mata banɗaki na koya mata yadda ake kunna ruwan zafi. Da muka dawo falo, sai bakin nan nawa ya ƙarasa ni. Na rage murya na ce, "Gida kam ya yi, Hajiya, tubarkalla. Sai dai tsakanina da ke, wanda ya zaɓi wanga koren fenti bai kyauta ba. Sai ka ce ɗakin allura a asibiti."

Ta cire gilashinta ta goge da bakin mayafi. "Ni na zaɓa," ta ce. "Ungozoma ce ni, a asibiti na tsufa. Sunana Kulu. Gidana ne."

Innalillahi! Na ce, "To ba shi ne na ƙarshe ba? Ga gona nan!" Ta ce awo, nata ne na ƙarshe, amma kwanan nan ya zama haka. Ashe tun zuwan nan nawa mai gonar ya sayar da rabinta, an jera sababbin gidaje a kai, gidan angonmu ya koma tsakiyar layi. Na zaro wayata, ga kiran yayar ango nan birjik. Tun hantsi suke zaune suna jiranmu a gidan da babu ko tsintsiya.

Daga cikin ɗaki Inna Tumba ta ɗago kai ta ce, "Mi na ce miki?"

Wallahi hawaye suka zo mini, ba don kaina ba, don Rukayya da uwarta. La'asar ta kusa, gado a haɗe, labule a rataye. Na durƙusa zan ba da haƙuri, sai na ga kafaɗun Hajiya Kulu suna rawa. Dariya take yi, har ta zauna a kan kujerar amarya tana share ido.

"Tashi, ƙanwata, ba lokacin kuka ba ne. Yaushe za a kawo yarinyar?"

Ta fita da kanta ta bi layin nan tana dukan get ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, abin da aka ce ba a taɓa yi ba a unguwar. Matan gidajen suka fito, wasu ranar suka fara gaisawa da juna. Wannan ta ɗauki kwalin kofuna, waccan ta rungumi filo, masu sola suka sauko suka tallabi gado. Muka yi jerin gwano a tsakiyar layin masu kuɗi da rana tsaka, ni ce a can baya da tukunya a ka, ina kallon ƙasa. Da muka isa, yayar ango ta buɗe baki za ta yi magana, Hajiya Kulu ta riga ta: "Mu ne maƙwabta. Mun tare baƙinmu ne tukuna." Ganin matan unguwa sun cika gidan suna jere, dangin ango suka shiga cewa lalle amaryar nan 'yar dangi ce. Ana kiran la'asar muna kunna turare.

Asirin bai kwana ba, don Inna Tumba na da rai. Har yau a Dakko in wani ya ɓata hanya sai a ce ya bi Malama. Rukayya kuwa ta samu uwa a layin, Hajiya Kulu ce ma ta kwana a kanta ranar haihuwarta ta fari. Ramukan ƙusoshina suna nan a koren bangon, ta hana a toshe, duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa.

Abin da na koya shi ne, a unguwar da ake gini kullum ba a riƙe gona a matsayin alama. Kuma yanzu duk gidan da na shiga, ko wane irin fenti na gani, cewa nake ya yi kyau, sai na tabbatar da wa nake magana.