Yadda Farfesa Zarra Ya Gwada Taga

Allah Ya yi wa jami'armu baiwa da Ya ba ta Farfesa Zarra. Ba sunansa na yanka ba ne. Ɗalibai suka laƙaba masa, don ko gaishe shi ka yi, sai ya zaga da kai cikin ƙwayar zarra kafin ya amsa. Masanin nukiliya ne, gwanin kare jama'a daga haɗarin na'urori, kuma mai wayar da kai a talabijin. Duk shi ya gaya mana. A gida ma, matarsa ba ta kunna dutsen guga sai ya yi mata lacca.

Da kujerar shugaban hukumar kiyaye haɗurra ta zama babu kowa, Farfesa ya ga an haife shi dominta. Ya shirya gagarumar lacca, ya gayyato masu zaɓe, ya zaunar da su a sahun gaba, ya kira 'yan talabijin.

"Jama'a," in ji shi, yana dukan ƙirji, "haɗari ba ya kisa, firgita ke kisa! Ni da kuke gani, na tsaya dab da tukunyar nukiliya tana ruri, ko gezau ban yi ba. In abu ya faru, a fita a natse, tsofaffi da mata a gaba, masani a ƙarshe."

Bai rufe baki ba sai majigin da ke nuna hotunansa ya yi tau! Ɗan hayaƙi ya tashi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Farfesa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ya ture wata tsohuwar malama, ya taka teburin masu zaɓe, ya faɗa taga. Tagar ta karɓi kai da kafaɗu, ta ƙi tumbi. Jama'a kuwa suka bi shawararsa, suka fita a natse, suka zagayo waje suna kallon fuskarsa.

"Ina gwada faɗin tagar ne!" ya ce yana haki. "Bincike ne!"

Kujera dai ta tafi ga wani. Amma hukumar ba ta yi butulci ba. Duk sabon ma'aikaci, sai an nuna masa bidiyon Farfesa a darasin abin da ba a yi. Cikin ayyukansa duka, babu wanda ya amfani al'umma kamar wannan bidiyon.