Majinyacin Furofesa

"Yaya, ba ni kwamfutata!"

"Ke, matsa can! Ina shirin gamawa da ciwon daji, kina min zancen littafi?"

Yayana ke nan, Furofesa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ko shekara bai yi a jami'a ba. Ni kuwa babin ƙarshe ya rage min a littafin farko da nake karantawa ni kaɗai. Yana cikin kwamfutar da makaranta ta ara min, gobe za a karɓe. Ga ba wuta, ga caji ya yi ja.

Wani shafin intanet Furofesa ya samo. Kina zaɓar nau'in ciwon, sai ya zana miki sunadaran jiki kamar ƙwallaye, da zare tsakanin masu hulɗa da juna. Gogan ya tara Baba da Kaka a falo, har da gyaran tabarau.

"Kun ga ƙaton nan na tsakiya? Shi ne shugaban 'yan ta'addar. Likitocin duniya sun kasa, ni da yatsa ɗaya zan cire shi."

Ya ja ƙwallon gefe. Sauran suka bi shi ɗuu, kamar 'yan tsaki. Ya saki, ƙaton ya koma tsakiya ya zauna daram.

Kaka ta ce, "Ya dawo? Allah sarki, haka cutar nan take."

"Yaya, caji!"

"Yi min shiru, sarkin gaggawa! Dabara ce."

Sai ya danna inda shafin zai nuna duk wata alaƙa, har wadda ba a tabbatar ba. Wai yawan zare, yawan ilimi. Wayyo! Allon ya cika da baƙin curi.

Kaka ta leƙa. "Wannan ai gashin da nake cirewa a mataji ne."

Kwamfuta ta ɗauki zafi, ta fara huci, ta sandare. Furofesa na danne-danne, gumi har cikin tabarau. Ya hura mata iska. Ya yi mata fifita da hular Baba. Ɗif! Allon ya yi baƙi, da babina a ciki.

Wallahi ko kunya bai ji ba. "Kun gani? Ko ƙwallo ɗaya bai rage ba!"

Baba ya karɓe hularsa, ya taɓa kwamfutar, ya girgiza kai.

"Ciwo kam ya tafi, likita. Sai ka fita ka sanar da dangi, majinyacin ya cika."

Na fizge gawar, na fice, na buga ƙofa garam.