Ranar da Na Ceci Jama'a Daga Kabejin Jamusawa

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai surukata cin abincin Jamusawa ba.

Aikina a unguwar Aziziyya ta Makka shi ne duba abincin alhazai kafin ya bar kicin. Hancina ne jarina. Tun daga bakin ƙofa nake gane shinkafar da ta kwana, kuma ina ji da kaina a kan hakan fiye da kima. Sai dai Hajiya Inna, mahaifiyar matata Hauwa, ba ta taɓa ganin abin burgewa a tare da ni ba. Ba wai ta ƙi ni ba ne, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, kaina a sunkuye. Tun da na auri 'yarta ban taɓa kai loma baki a gabanta ba (kunyar surukai ta biyo kakanninmu har Makka, ta samu iƙama, wato takardar izinin zama, ta zauna). Shi kuwa mijin yayar Hauwa, sau ɗaya ya kai ta cin abincin Turkawa, amma kullum labarin ake yi. Abin ya tsaya mini a rai. So nake ni ma ta yabe ni, ko da sau ɗaya ne.

Sai wani abokin aiki ya ba ni labarin wani gidan abincin Jamusawa a tsohon garin Jidda, komai nasu halal. Wata Asabar bayan azahar muka bar unguwarmu Rusaifa mu uku, na sha farar jallabiya da turare. A hanya ina ta zuba wa Hauwa bayani kan Jamusawa da ƙarfi don Hajiya ta ji (iyakar sanina da Jamus shi ne motar maigidana).

Gidan tsohon gini ne, tagoginsa na katako masu ado sun leƙo kan titi, matakalarsa sai ƙara take yi. Hajiya ta shafa bango, ta ce ya tuna mata da gidajen Makka na lokacin da take yarinya. Na ce a raina, yau dai ranata ce.

Aka kawo naman maraƙi da aka buga ya yi faɗi, aka soya shi da garin burodi, ga dankali, ga tulin yankakken kabeji a gefe. Tunda kunya ta hana baki aiki, sai hanci ya karɓa. Ina sunkuyawa tsami ya doke ni.

"Hajiya, kar ki taɓa!" na ce, na janye farantinta.

Da a nan na tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Amma wanda ya saba da tantunan Mina bai iya ganin ɓarna ya yi shiru ba. Na miƙe na tafa hannu. "Ya jama'a, a ajiye cokali! Kabejin nan ya lalace!" Na maimaita da Larabci don kar wani ya ce bai ji ba. Sannan na bi tebura ina kwashe faranti, har da na wani dattijo da na bari da cokali a sama.

Mai gidan ya fito, ɗan Jidda ne da ya yi karatu a Jamus. Ya saurare ni har na gama, har da faɗa masa matsayina a wurin aiki. Sai ya ce cikin ladabi, "Ustaz, ai haka ake cinsa. Da gangan muke sa masa gishiri mu rufe shi har ya yi tsami. In bai yi tsami ba, shi ne muka ɓata girki."

Hauwa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na koma ina mayar da faranti, ban ma tuna na wane da na wane ba. Dattijon nan ya duba wanda na ajiye masa ya ce, "Wannan ba nawa ba ne, amma ya fi nawa nama. Kalas, shi ke nan, bar shi."

Na zauna kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya ta jawo farantinta, ta ɗanɗana kabejin, ta ƙara.

"Baban Salim," ta ce, "kai da aka yaye da kunun tsamiya, kake shan miyar daddawa kullum, yau tsami ne ya zama guba?"

Sai ta fashe da dariya har da hawaye, irin dariyar da ban taɓa sanin tana da ita ba. Da ta lafa, ta dubi Hauwa. "Amma kin lura? Kafin ya tuna da kowa, farantina ya fara janyewa. Allah ya yi masa albarka." Ta turo mini nama gabana. "Yalla, ci. Wace kunyar ce kuma ta rage maka?"

Na ci kuwa, har da kabejin, kuma daɗin da na ji ranar ba na abincin ba ne kaɗai.

Yanzu Hajiya da kanta take haɗa kabejin a kwalba, ta aiko Hauwa da shi wai a ba babban jami'i ya sansana. Ni dai na gane cewa matambayi ba ya ɓata: hanci ya san tsami, amma bai san niyyar mai girki ba. Labarin Turkawa kuwa tuni aka daina shi. Nawa ake bayarwa a kowane biki.